Farin Layi da Ɗanyen Ganye

Ni ce na ɓoye wa Baba makullin motarsa, kuma ko yau aka maido ni wannan rana sai na sake ɓoyewa. Gara in faɗa tun da wuri, kada a zaci zan yi ta ba da haƙuri a cikin labarin nan. A ƙasan tukunyar da nake ajiye daddawa na tura shi, ya fi wata bakwai a can.

Baba direba ne. Ya fi shekara talatin yana jan akori-kura, irin mai rumfar tamfol da muke kira bashe, daga Tasawa zuwa kasuwannin ƙauye: yau Korgom, gobe Mayahi, jibi ya nausa arewa har Isawan inda yashi ke haɗiye taya. Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Idan an ba mu hutu a lakwal, wato makarantar boko, a gaba yake zaunar da ni, yana tuƙi yana koyar da ni abin da ban tambaye shi ba. Cikin duk dokokinsa babu wadda ya riƙe da ƙarfi kamar ta ganye. Idan mota ta mutu a kan hanya, kafin a buɗe inji, kafin ma a sha ruwa, sai a karyo ɗanyun rassa a jera su a kan titi tun daga nesa, gaba da baya, don mai zuwa ya gani ya rage wuta. Idan an gyara kuma, a kwashe. Na taɓa ganin ya juyo da mota cike da fasinja suna ta ƙorafi, saboda ya tuna ya bar rassansa a baya. Ya ce ganyen da aka bari bayan an tafi ƙarya ce, kuma idan ƙarya ta yi yawa a hanya mutane za su daina yarda da ganye.

Sai yanar ido ta rufe masa gani. A hankali ta zo, shi kuma a hankali ya riƙa musu. Ya gaida buhun gero ya ce wasa yake yi. Ranar da ya bi ta kan tulunan wata mata da rana tsaka, ya sauko yana tambayar wa ya zuba duwatsu a hanya, ranar na ɗauke makulli. Na ja shi asibiti, likita ya haska ya ce yana ce kawai, aiki ne ƙarami a Maraɗi, a cire ta a sa wani ɗan gilashi, ya koma gani. Baba ya ce allambaram. Yana da aboki, tsohon direba irinsa, da wani mai maganin gargajiya ya tura wa yanar da tsinken ƙarfe, ya kwana uku yana gani, daga nan bai sake ganin komai ba har ya koma ga Allah. Tun daga nan Baba ya rantse ƙarfe ba zai kusanci idonsa ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, na turo limamin unguwa. Likita kuwa ya gaya mini yanar da aka bari ta daɗe tana iya ɓata idon gaba ɗaya. Kullum da wannan magana nake kwana, shi kuma yana zaune a zaure yana shafa bashensa da tsumma kamar doki.

Ana haka, da kaka, autanmu ya zo hutu daga Yamai da wata mota da ya sayo ta hannun masu kawowa daga Kwatano. Ta hannu ce, amma a Tasawa sabuwa ce fil. Auta mutum ne mai son a gani a yaba, tun yana rarrafe haka yake. Washegari da hantsi ya ce mu fito ya nuna mana wani abu. Ni a gaba, Baba a baya, muka hau kwaltar da ta nufi Damagaram, wajen da ba a daɗe da shafa fenti ba.

Da muka bar gari gudu ya kankama, sai ya ce, “Yaya, dubi bolan.” Bolan shi ne sitiyari a bakinmu. Ya sassauta hannu har yatsunsa kawai ke taɓawa. Motar ta fara zamewa dama, a hankali, tana neman bakin titi inda yashi yake. Na buɗe baki zan zage shi. Sai sitiyarin ya motsa. Shi kaɗai. Ya ɗan juya hagu kamar yadda uwa ke gyara wa jariri kwanciya, motar ta dawo tsakiyar layinta ta miƙe.

Na yi salati da ƙarfi. Ni malamar lakwal ce, na koya wa yara yadda ƙasa ke zagaya rana ban ji tsikar jikina ta tashi ba, amma ranar sai da ta tashi. Na ce ya sake. Ya sake, ta ɓangaren hagu wannan karon, ta sake dawowa. Har hanya ta ɗan lanƙwasa, sitiyarin ya bi lanƙwasar a nutse. Na leƙa ƙarƙashinsa, wallahi na leƙa, ko akwai wani hannu.

“Mi ya hwaru?” Baba ya tambaya daga baya. “Mi kuka gani?”

Auta ya tsaya a gefe, ya dawo da Baba gaba, ya kama hannunsa ya ɗora a kan wani ɗan akwati da ke manne a gilashin gaba, bayan madubi. Ya ce a ciki akwai kyamara, ƙanƙanuwa, ita ce idon motar. Ba ta kallon komai sai fararen layukan nan biyu da aka shafa a kan kwalta, na tsakiya da na gefe. Tana auna inda motar take tsakaninsu, ba ta ƙiftawa. Idan ta ga taya na neman taka layi alhali direba bai kunna sigina ba, sai ta aika wa wani ɗan injin lantarki da ke jikin sandar sitiyari, shi kuma ya ɗan murɗa. Idan ka kunna sigina ta san da gangan za ka tsallaka, sai ta ƙyale ka. Ya nuna mini hoton layuka biyu a allon gaban direba: idan sun yi kore tana gani, idan sun yi toka-toka ta daina. Kuma abin ba ya farkawa sai gudu ya kai wajen kilomita sittin a awa.

Baba ya daɗe yana shafa akwatin. “Ido guda gare ta?”

“Guda, Baba.”

“Ikon Allah. Ni biyu gare ni, ba su yi rabin nata ba.”

Auta ya sa shi ya ɗora tafinsa a kan sitiyari muna tafiya, don ya ji da hannunsa. Da sitiyarin ya motsa a ƙarƙashin tafinsa sai Baba ya yi dariya, irin wadda rabon da in ji tun kafin makulli ya ɓata. Ya ce hannunta da laushi, wanda ya koya mata ya san aiki. Daɗi ya kama ni har idona ya ciko, ban san inda maganar za ta dosa ba.

Amma ni ba a raba ni da sa ido. A wannan fitar kaɗai sau uku na ga koren nan ya dushe. Na farko inda ruwan damina ya shimfiɗa yashi a kan titi ya binne layi. Na biyu inda tsohuwar kwalta ta fara, fentin ya koɗe. Na uku da muka sauka kan hanyar jar ƙasa ta Korgom, nan kam ta yi barcinta gaba ɗaya, ta zama mota kamar kowace. Sannan da Auta ya kauce wa amalanken shanu bai kunna sigina ba, sai sitiyarin ya ɗan yi masa gardama yana so ya maido shi wajen amalanken, sai da ya danne shi. Ba gardama mai ƙarfi ba ce, hannu ɗaya ya isa, amma na gani. Na ce, “To ita ba ta ga shanun ba ne?” Auta ya ce ai ba aikinta ba ne. Babu wanda ya ƙara bi ta kan maganata.

Da yamma muna tsakar gida Baba ya fito da abin da ke ransa.

“Uwata, kin gani ko? Ke kina ta a kai ni a yanka. Ga shi Allah ya kawo ido na saidawa.”

“Baba, layi kaɗai take gani.”

“To ni mi nika nema bisa gudron, kwaltar nan, in ba layi ba? Ta riƙe gudron, ni in riƙe yashi. Yashi ko ido rufe na san shi. Idonta da hannuna, ai an yi direba guda cikakke.”

Auta ya yi dariya ya ce Baba ya fi injiniyoyin hikima. Na ji kamar in jefe shi da ludayi. Wata bakwai ina gina maganar Maraɗi, ya zo da motarsa ya rushe a yini ɗaya. Baba ya ce gobe shi zai ja ta, ko kilomita biyar ne, a gani in ƙarya yake. Na ce ban yarda ba. Ya ce, “Wagga dai ba ke kika ɓoye makullinta ba.” Ashe ya sani. Na ce duk inda za su da ni za a je, in mutuwar ce mu yi ta tare.

Da hantsi muka koma wajen sabon fentin nan. Hanya fayau, ba kasuwar kowa ba ce ranar. Auta ya koma gefen direba da alkawarin idonsa na kan titi, hannunsa kusa da sitiyari. Baba ya zauna, ya gyara kujera, ya yi bisimilla, ya tayar. Hannun bai manta ba. Ya ja ta sumul, a hankali, irin tafiyar da mai raunin ido ya kamata ya yi.

“Ta kama?” ya tambaya.

“Tukuna, Baba. Sai ka ƙara wuta.”

Wannan ita ce gaɓar da har yau take ci mini rai. Da shi kaɗai ne da ya yi ta lallaɓawa. Don idon motar ya buɗe, sai da muka sa makaho ya yi gudu.

Ya ƙara, ya ƙara, Auta ya ce, “Kore!” Baba ya sassauta hannu. Motar ta zame kaɗan, ta dawo. Ta sake, ta dawo. Na ga kafaɗunsa sun sauka, wuyansa ya miƙe. Ya saki sitiyarin gaba ɗaya ya ɗaga hannu biyu sama zai yi hamdala, bai kai ƙarshe ba motar ta hau ƙara, ƙit-ƙit-ƙit.

“Ba ta son addu'a?”

“Hannunka take so, Baba. In ka sake ta daɗe, ita ma sakin ka za ta yi.”

Ya maido hannu yana dariya, ya ce yarinya mai tarbiyya, ta san ba a bar mata gida ita kaɗai. Muka yi dariya duka. Auta ya zaro waya yana ɗaukar koren allon da hannun Baba, don ya tura wa 'yan uwa. Ni kuma, da na zo a matsayin mai gadi, fuskar Baba nake kallo ta madubi. Na ga mutumin da na sani ina yarinya ya dawo, na kasa ɗauke ido. Mu uku a mota, ido shida, babu ko ɗaya a kan hanya. Duk mun bar wa guda ɗayan nan na bayan madubi.

Muna hawa wani ɗan tudu sai na ji ƙaras a ƙarƙashin taya. Ƙaramin sauti ne, ni da ban kula ba. Baba kuwa kafin sautin ya mutu ya taka birki da duk ƙarfinsa. Goshina ya daki kujera, wayar Auta ta tashi, tayoyi suka yi kuka. Da na ɗago, bayan wata babbar mota ne ya cika gilashin gaba, shaƙe da buhunan wake, tsaye cak a cikin layinmu. Tsakaninmu da ita bai fi taku huɗu ba. Daga ƙarƙashinta ƙafafun mutum biyu ne suka leƙo, da silifa.

Mai ƙafafun ya jawo jiki ya fito, baƙin mai har gwiwar hannu. Ya nufo tagar direba yana ihu.

“Kai wane irin direba ne? Ba ka ga ganye ba? Makaho ne kai?”

Baba ya juyo da fuskarsa wajen muryar, da fararen idanun nan nasa. Ya ce, “Makaho ne, ɗana. Ka yi haƙuri.”

Mutumin ya tsaya da baki buɗe. Ya dubi Baba, ya dube mu, kallon da ya yi mana ni da Auta ban manta shi ba, kuma mun cancanta. Ya juya ya koma wajen motarsa.

Baba ya fito, ya ce in ba shi kafaɗata. Muka koma baya a ƙasa, yana laluben titi da ƙafa. Reshen sabara na farko da ya taɓa ya ce, “Ɗaya.” Muka ci gaba. Biyu. Na uku shi ne wanda taya ta murƙushe. Can bayan tudun akwai wasu biyu, lafiyayyu, kore shar, mun bi ta kansu sun shige tsakanin tayoyi ba mu sani ba. Tun daga nesa mai wake ya fara jerawa, yadda Baba da kansa zai yi.

“Ya jera daidai,” in ji Baba. “Ba shi da laihi.”

Auta ya biyo mu yana haki yana zagin motar, wai wasu irinta har birki suke takawa da kansu, ita wannan an cuce shi. Baba ya ce ya rufe baki.

“Ita ma ba ta da laihi. Layi anka ce ta riƙe, ta riƙe. Da ban taka ba, da ta kai mu har cikin waken nan, a tsakiyar layi, ba ta kauce ko kaɗan ba.” Ya murza murƙushen ganyen a hannunsa. “Ganye don ido aka sa shi, Uwata, ba don kunne ba. Ranar da direba ya ji ganye da kunne, ya riga ya makara. Yau Allah ne ya yi.”

Bai yarda mun tafi ba sai da na shiga gona na karyo sabon reshe, ya sa a gurbin wanda ya taka. Auta ne ya ja mu gida. Koren ya kama, sitiyarin na ta ɗan gyare-gyarensa na ban mamaki. Har yau idan na shiga motar na ga ta yi haka sai na jinjina wa wanda ya ƙirƙiro ta, ban fasa ba. Sai dai yanzu na san iyakar abin da aka ce ta duba.

Bayan la'asar ya kira ni zaure. Yana zaune jikin bashensa, tsumma a cinya, bai shafa ba.

“Likitan nan naki na Maraɗi, wace rana shika aiki?”

Na tsuguna a gabansa. Ya ce kada in yi masa kuka, shi har yanzu tsoro yake ji, bai daina ba. Kawai dai ya auna ne, tsoron ƙarfe a idonsa da ƙafafun bawan Allahn nan masu silifa, ya ga wanda ya fi nauyi.

Ranar aikin ido na farko ya riƙe mini wuyan hannu har ƙofar ɗakin, sai da shatin yatsunsa ya kwana a jikina. Washegari aka cire bandeji, ya dube ni ya ce, “Kin tsufa, Uwata.” Na ce shi ya tsufar da ni. Bayan 'yan makonni aka yi na biyu, aka kuma ba shi tabarau. Komawarmu ta ƙarshe Auta ya sake zuwa ya kai mu, likita ya duba ya ce ido ya yi kyau, zai iya tuƙi da rana.

A hanyar dawowa Baba na gaba. Da muka fita gari ya sunkuya yana kallon kwalta ta gilashi, ya daɗe.

“Wanga ɗan zaren ne take bi?”

“Shi ne, Baba.”

“Ikon Allah. Ɗan siriri haka, kuma ta gan shi tana gudu.” Ya girgiza kai. “Kuma a kansa na ɗora ran mutum.”

Mun wuce Gazawa, rana ta fara yin sanyi, ni har gyangyaɗi ya fara ɗaukata. Sai na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa, irin ta aiki.

“Rage wuta. Ganye.”

Na ware ido, na duba, ban ga komai ba. Auta ma ya ce ina? Mu gaban mota muke kallo, shi can yake kallo inda hanya ke haɗuwa da sama, inda ya saba kallo shekara talatin. Auta ya ɗaga ƙafa. Sai da muka yi numfashi uku ko huɗu sannan na hango ɗan kore a bakin kwalta, sannan wani, sannan can gaba wata motar fasinja da aka ɗage wa taya. Layukan allon suna nan kore, ba su san an yi ba.

Na buɗe jakata. Tun safe yake ciki, ban san ko zan iya ba. Na miƙa hannu ta saman kafaɗarsa na ajiye masa makullin a tafi. Ya juya shi, ya ɗaga shi wajen haske ya duba, sannan ya kai hanci.

“Daddawa,” ya ce. “Wata bakwai ina lalube, ban taɓa tukunyar miya ba.”

Ya jefa shi a aljihun gaba, ya maida idonsa kan hanya.